Hannun 'Yar Maɗori

An ce kishi kumallon mata. Wanda ya fara faɗin haka bai san yayana Malam Zailani ba. Ni Zubaidatu, da muke ciki ɗaya da shi, na ga kishi ya kama namiji mai furfura har gemu, ya hana shi cin tuwo, ya sa shi yin tsaki shi kaɗai a kan titi. Kuma ba a kan matar aure ba ne. A kan gwiwar hannun 'yarsa ne.

Yaya maɗori ne, a unguwar Jushi yake zaune, cikin gidan da mahaifinmu ya bari. Ɗori gadonmu ne. Daga barikin Basawa sojoji ke kawo masa 'ya'yansu, 'yan acaɓa da 'yan ƙwallo kuwa ba a magana. Kayan aikinsa ba su da yawa: tabarma a zaure, damin kara da yake ferewa da kansa, tsumma mai tsabta, da wani tsohon gwangwani na man kaɗe wanda tun muna yara muke ganinsa a hannun babanmu. Hannun Yaya yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Matsalar ita ce shi ma ya sani.

Naila ita ce 'yarsa mace tilo. Uwarta Nana Hafsat ta rasu tun yarinyar ba ta yi wayo ba, don haka a gindin tabarmar nan ta girma. Tana da wata magana da take yi tun bakinta bai iya faɗin ra ba. Duk wanda aka kawo yana kururuwa, sai ta leƙo ta ce, "Yi shiru, hannun Babana albarka ne." Yaya yakan yi kamar bai ji ba, amma sai ka ga gemun yana motsi. Da ta samu shiga jami'a tana karatun zane, sai ta dawo wurina a Samaru, inda nake da ɗan shagon kayan masarufi a bayan kasuwa. Ni ma ba ni da kowa a gidan tun rasuwar mai gidana, sai muka zama abokan hira.

Cikin damina abin ya faru. Keke napep ɗin da ta hau ya kauce wa wani rami da ruwa ya rufe, ya kwanta a gefen titi, ita kuma ta tare ƙasa da hannun dama. Ƙawarta Sarah ce ta kira ni tana haki. "Gwaggo, ki zo yanzu-yanzu, wallahi siriyos ne, hannun Naila ya juya baya!" Na tarar da ita zaune a bakin wani shago, gwiwar hannun ta fito ta baya ta yi tsini, mutane sun yi cirko-cirko kowa na ba da shawara. Sarah na cewa asibiti, ni ma na ce asibiti. Naila ta ɗago tana gumi ta ce, "Ku kai ni wurin Baba."

Zan faɗi gaskiya, ranar na ga aiki. Yaya ya zaunar da ita, ya yi bisimilla, ya kama tsintsiyar hannun ya ja a hankali, muka ji ƙas, gwiwa ta koma mazauninta. Naila ko runtse ido ba ta yi ba. Fuskarsa take kallo tun daga farko har ƙarshe, kamar mai kallon liman. Ya jera kara, ya naɗe, ya ce, "Shi ke nan, sai godiya."

Ashe ba shi ke nan ba ne. Bayan kwana kaɗan, da ya kwance karan don ya duba kumburi, yana ɗan motsa hannun sai gwiwar ta sake zamewa. Ya mayar, ya ƙara kara. Ta sake fita tana cikin barci. Ya sake mayarwa, wannan karon bai ce sai godiya ba. Kafin mako biyu ɗan ƙaramin yatsanta ya fara mutuwa, tana tsungulinsa ba ta ji. Na ce wa Yaya ruwa fa ba ya tsami banza. Ya ce ni da shi wa ya gaji ɗori? Washegari na ce zan kai ta kitso, na zarce da ita wurin ɗaukar hoton ƙashi a Sabon Gari. Ogbonna mai wurin ya ɗaga hoton ya duba a fitila, ya girgiza kai ya ce, "Madam, dis one no be small tin o." Ko ban iya Turancinsu ba na gane.

Muna fitowa muka yi kiciɓis da Lucia, tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda duk unguwa ke kira Maman Gregory. Ta ga hannun, ta ga hoton, ta riƙe baki. Ta ce ai Gregory ya dawo, yanzu likitan ƙashi ne a babban asibiti, aikinsa ke nan kullum. Gregory ɗin nan, yana ɗan yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karya ƙafa, Yaya ne ya ɗora shi, yana ihu yana kiran Yesu da Annabi gaba ɗaya.

Yaron yana da tarbiyya, ba zan ɓoye ba. Bai ce a kawo ta asibiti ba tukuna, shi ya tako har zauren Yaya, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi. Sannan ya fito da hoton. Ya ce, "Baba Malam, mayarwan da ka yi daidai ne, ni ma haka zan yi. Amma gwiwan hannu kamar tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe ta. A nan duka ukun sun tafi. Kan ƙaramin ƙashin ya farfashe, ɗan leɓen da ke tare babban ƙashin ya ɓalle, jijiyan da ke ɗaure gefe ta tsinke. Ko sau nawa aka aza tukunyan, kifewa za ta yi. Sai an buɗe an gyara daga ciki."

Yaya bai kalli hoton ba. Ƙafar Gregory ya kalla. Ya ce, "Da wace ƙafa ka shigo zauren nan?"

"Da wadda ka ɗora, Baba Malam."

"To."

Ni dai na san yabon nan da yaron ya yi masa ya fi zagi ciwo a wurinsa, don Yaya bai saba a duba aikinsa a ce daidai ne ba. Can sai muryar Naila ta fito daga bayan labule, ƙasa-ƙasa. "Baba, ina so a yi aikin."

Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Hannunki ne."

Ranar aikin ya zo asibitin, amma ya ƙi shiga. Ya samu gindin wata bishiya kusa da inda ake ajiye motoci ya zauna, wai cikin yana warin magani. Duk fitowar da na yi sai ya tambaye ni, ba tare da ya kalle ni ba, ko sun gama yanke-yanken nasu. Da aka gama, Gregory ya fito da kansa, hular aiki ma bai cire ba, ya tsuguna a gabansa. Ya ce an cire farfasasshen kan ƙashin an sa na ƙarfe, an ɗaure ɗan leɓen da zare mai ƙarfi, an ɗinke jijiyar a jikin ƙashi, an lanƙwasa an miƙe a gabansu gwiwa ba ta fita ba. Ya miƙo waya zai nuna masa sabon hoton. Yaya ya ce bai zo da tabarau ba. Ina ganin tabarau ɗin a aljihun gabansa, har ƙafarsa ɗaya ta leƙo.

Da aka sallame ta sai ta dawo wurina, don Samaru ta fi kusa da asibitin. Nan fa aka shiga zamanin "Dakta ya ce". Dakta ya ce kada ta ɗaga hannun ta gefe. Dakta ya ce ko buta kada ta ɗauka. Dakta ya ce ta riƙa matsa ƙwallon roba. Yaya kuwa, mutumin da a da sai Sallah yake taka Samaru, ya koma kusan kullum yana tafe, da kwanon farfesun kaza a leda, don a wurinmu mai karaya kaza yake ci. Yana zaune yana jin "Dakta ya ce", fuskarsa na ƙara haɗewa kamar hadarin gabas. Wata rana na ba shi ruwa, ya karɓa ya ce, "Wannan ma Dakta ya yarda a sha?"

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne da aka cire mata filasta tun ɗinki bai gama bushewa ba, aka sa mata wani maɗauri na roba da ƙarfe mai gaɓa a tsakiya, aka ce ta fara motsa hannun. Masu gashin ƙashi suka koya mata ta kwanta rigingine, ta ɗaga hannun yana kallon rufin ɗaki, ta riƙa sauko da shi wajen goshi da ƙarfin kanta. Yaya ya shigo ya tarar da ita a haka, ya saki salati. Ya ce ƙashi barci yake so, shi a zaurensa sai an yi arba'in ba a taɓa kara ba. Naila ta ce, "Dakta ya ce gwiwa in ta yi barci da yawa ba ta farkawa." Ya juyo ya dube ni kamar ni na koya mata.

Can Jushi ma ba a bar shi ya huta ba. Mutane sai Allah. Wanda jiya ya ɗora wa ɗa, yau shi ne ke tsayawa a bakin masallaci yana cewa, "Malam, ya mai jiki? An ce an sa ƙarfe ko?" Wani ɗan acaɓa ya kawo ƙaninsa da karayar ƙwauri, ana tsakiyar aiki ya ce, "Malam, ko mu ma mu fara zuwa hoto?" Yaya ya ɗora yaron tsaf, ya sallame su, ranar bai ci tuwon dare ba. Amma duk wannan da sauƙi. Maganar mutanen waje ba ta taɓa kayar da shi ba.

Abin da ya kayar da shi a tsakar gidana ya faru. Maman Gregory ta zo duba Naila da ayaba da lemo, suna zaune a inuwa suna hira. Naila tana nuna mata yadda ɗan yatsan nan ya dawo yana ji, tana dariya. Sai ta ce, "Mama, wallahi hannun ɗanki albarka ne." Ni ina bakin famfo, ina fuskantar ƙofa, don haka ni kaɗai na gan shi. Yana tsaye da ledar farfesu, ya ɗaga ƙafa zai shigo, baki a buɗe zai yi sallama. Ya mayar da ƙafar. Ya ajiye ledar a kan dakali, ya juya. Na bi shi har bakin titi ina kira, ya yi kunnen uwar shegu ya tare keke. Tausayinsa ya kama ni, kuma haushinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin babban mutum ya yi fushi da warkewar 'yarsa ba.

Ya ɗauke ƙafa kusan mako guda. A cikin kwanakin nan ne kuma hannun ya tsaya. Miƙewa ba ya miƙewa duka, wannan Gregory ya ce kada ya dame ta. Lanƙwasawar ce abin tsoro. In ta ɗago hannun zuwa baki, sai ya cije saura tazarar yatsu huɗu, ko ta yi yaya. Ba ta iya kai loma, ba ta iya wanke fuska da shi in za ta yi alwala, in ta riƙe fensir kuwa ba ta jimawa kafaɗa ta gaji. Da hagu take ci, kuma kunya ta sa ta koma ci a ɗaki ita kaɗai. Na sha jin ta tana kuka a kan kwanon shinkafa.

Da muka koma asibiti Gregory ya auna, ya ce haka gwiwa take, takan tsaya sannan ta ci gaba, a bi ta da haƙuri. Sai ya ajiye abin awon ya ce, "Abu ɗaya zan roƙa. Kada kowa ya ja hannun nan da ƙarfi, kada kowa ya murza shi. In aka yi, ko ɗinkin ciki ya tsinke gwiwan ta sake fita, ko ƙashi ya tsiro inda ba wurinsa ba, hannun ya sandare ke nan har abada." Da ya ce "kowa", ni ya kalla. Na gane hannunka mai sanda ne.

To, in akwai abin da Yaya ya fi shahara da shi fiye da ɗorin kansa, shi ne miƙa. In an kwance kara gaɓa ta ƙage, sai ya gasa ta da ruwan zafi, ya shafe ta da man kaɗe, ya murza har ta yi laushi, sannan ya yi mata ja ɗaya. Mutum ya yi ƙara guda, ya tashi yana lanƙwasa abinsa. Na ga ya yi wa ƙafafu da yatsu ba adadi, kuma da yawa sun tashi lafiya. Ban san wanda ya kai masa labarin hannun ya tsaya ba. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi, babu farfesu, da gwangwanin nan a hannu. Yana tafe yana walwala kamar ango.

"Zubaidatu, ɗora ruwa."

"Ruwan me, Yaya?"

"Na ce ki ɗora ruwa. Yanka nasa ne, ya yi, mun gode. Miƙa kuma tawa ce. Shi yaron nan a wane littafi zai karanto ta?"

Na faɗa masa abin da Gregory ya ce, kalma da kalma. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle wanda ko mangwaro bai iya hawa ba. Na ce ba zan ɗora ba. Ya shiga kicin ɗina da kansa, mutumin da bai san inda ake kunna risho ba, ya yi ta fama har ya kunna. Na tsaya a kansa ina faɗa. Na ce masa wannan ba jinya ba ce, kishi ne, kuma in hannun yarinyar nan ya lalace ba zan yafe masa ba har gaban Allah. Ya ce in yi masa shiru, 'yarsa ce.

Duk abin nan Naila na tsaye a ƙofar ɗaki. Ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye kwanon ruwan yana tururi, ya buɗe gwangwani. Sannan ya ɗago ya dube ta. Muryarsa ta sauko, har ta ɗan karye. "Naila. Ko kin daina yarda da hannuna ne?"

Na so ta ce Dakta ya ce. Ranar kam na so ta faɗa da ƙarfi. Amma wace 'ya ce za ta amsa wannan tambayar da e? Ta tako a hankali ta zauna a gabansa. Ta ɓalle igiyoyin maɗaurin da hagu, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a gefe. Hannun ya fito siriri, da dogon tabon ɗinki a gefen gwiwa. Ta miƙa masa.

"Ga shi, Baba."

Ya lakato man ya shafa a tafinsa, ya kama tsintsiyar hannun da dama, ya tallabi gwiwar da hagu, yadda na ga ya yi wa mutane tun ina budurwa. Ya yi bisimilla. Sai ya ɗaga ido don ya dubi fuskarta, kamar yadda ya saba.

Babu fuska. Ta juyar da kai wajen bango, ta runtse ido, ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Duk jikinta rawa yake yi, har awarwaron hannun hagu na ƙara. Haka baƙi ke yi a zaurensa, waɗanda aka kawo da ƙarfi. Yarinyar da ya mayar wa gwiwa tana kallon ƙwayar idonsa, yau ita ce ta ba shi hannu tana jiran ya lalata shi, don kada ransa ya ɓaci.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Ruwan dai ya daina tururi. Na ga babban yatsansa yana tafiya a hankali a gefen gwiwar, ba murza ba, lalube. Ya ɗan juya tafin hannunta sama, ya juya shi ƙasa, yatsan na kan wurin da aka sa ƙarfen, yana sauraron abin da ke juyawa a ciki. Ya taɓa bayan gwiwar, inda a da take zamewa a hannunsa. Ba ta zame ba.

Ya ce, "Buɗe idonki."

Ta buɗe ɗaya.

"Yi abin da ya koya miki in gani."

Ta saki mayafin. Ta fara ɗago hannun da kanta, tana cije leɓe, yana tahowa kaɗan-kaɗan har ya iso wurin nan da yake tsayawa, ya tsaya. Yatsunta na nan a gaban bakinta, ga baki ga hannu. Tafin Yaya yana nan dab da tsintsiyar hannunta. Turi kaɗan ya rage, irin wanda yake yi ko yana hira. Na ga yatsunsa sun buɗe, sun matso. Sai ya janye hannuwansa duka biyu, ya ɗaga cinya ya tura su ƙarƙashi, ya zauna a kansu, da man kaɗen da komai, a kan farar shaddarsa.

"Sake," ya ce.

Ta sake. Ya ce ta sake. Haka suka yi har aka kira azahar, shi zaune a kan hannuwansa yana gumi fiye da ita. Da zai tafi ya rufe gwangwanin, ya tsaya yana kallon tabon, ya ce, "Ɗinkin dai bai yi kyau ba. Ko telan bakin tasha ya fi shi." Naila ta yi dariya da hawaye a fuska. Gwangwanin kuwa a kan tagata ya bar shi, kuma bai sake tambayarsa ba.

Daga ranar ya dawo da zuwansa, da farfesunsa. Kishin bai tafi ko'ina ba, kada wani ya ce na ce ya tafi. In Naila ta ce "Dakta ya ce", har yanzu sai ya kalli sama. In Maman Gregory ta zo, sai ya tuna yana da mai karaya a Jushi. Amma kullum sai ya zauna ya sa ta yi motsin nan a gabansa, kuma kullum a kan hannuwansa yake zama. Tazarar ta ragu zuwa yatsu uku, ta koma biyu, ta daɗe a biyu har muka fara fid da rai.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo, na yi tuwon masara da miyar kuɓewa. Maimakon ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki, sai Naila ta zo ta zauna a gabansa. Ta wanke hannun dama. Ta gutsuro tuwo, ta mulmula, ta dangwalo miya. Hannun ya taso a hankali, ya iso inda yake tsayawa, ya ɗan yi jinkiri, ya wuce. Loma ta shiga baki. Miya ta ɗiga a haɓarta ba ta ko goge ba.

Yaya ya ce Alhamdu lillahi har sau ban san nawa ba, yana share ido da hannun riga wai yaji ne. Ya ɗan gyara zama, ya kalli kwanonsa, ya tambaya kamar abin bai dame shi ba.

"Shi ya gani?"

"A'a, Baba. Kai ne na farko."

Ya dube ta. Ta dube shi ido cikin ido, ba ta ƙifta ba. Ya gyaɗa kai, ya ja kwano, ya ci tuwon nan tas har ya nemi ƙari, abin da rabonsa da yi tun farkon damina.

Alhali ni ce na raka ta asibiti ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin nan. Ina zaune a wurin lokacin da ta kai biskit bakinta da hannun dama, Gregory ya tashi tsaye yana tafi, har ma'aikatan jinya suka leƙo. Na buɗe baki zan tona wa Yaya, sai na ji ƙafar Naila ta matso ta taka tawa a kan tabarma. Na gutsuro tuwo babba na cusa a bakina.